Surukina da Kwamfutar da Bai Taɓa Gani Ba

Shekarun baya can, lokacin jiharmu tana sabuwa fil, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gusau, na tafka wata ɓarna da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba don ɓarnar nake ba ku labarin ba, don wanda ya gyara ta ne.

Ina da wani aboki ɗan Bungudu, tun makarantar kwana muke tare. A lokacin yana digiri na biyu a Zariya kan harkar noma. Shekara biyu ya yi yana zarya tsakanin Nahuce da Wonaka, yana awon gonaki yana yi wa manoma tambayoyi, kuma duk abin da ya tara yana cikin kwamfutarsa, wata tsohuwa da ya saya ta hannu. Ba irin tsarin da aka saba gani a shagunan buga takardu ne a kanta ba. Wani ne da ake kira Linux, wanda a duk Gusau ban san mai irinsa ba. Da yake wutar Bungudu ba ta da tabbas, sai ya ɗauko ta ya kawo gidana, da firintarta, da faifan da aka ɗora tsarin da shi, da wani ƙaton littafin bayani, da wata mujallar Turawa mai sabon faifai a manne.

Ya ce mani, "Ga amana nan. Sati biyu zan yi Nahuce in ƙarasa awon ƙarshe. In na dawo ran Juma'a in buga kundin, Litinin in kai Zariya. In Litinin tak kuɓuce man, sai baɗi. Ka kunna ta ka koyi rubutu in kana so, amma wanga faifan na cikin mujalla, kak ka taɓa shi."

Na ce masa ya tafi hankali kwance. A lokacin na yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku, kuma a ɗakin malamai ni ake kira in abu ya cije, don haka kaina ya fi hulata girma.

Kwana uku na daure. A na huɗu, ina duba mujallar, na ga hoton wani wasa na jera tubala masu faɗowa daga sama. Wallahi abin da ya ja ni ke nan. Magidanci da ni, malamin lissafi, wasan tubala.

Bari in ɗan yi bayani don wanda bai sani ba. A wannan tsarin, manhajoji suna zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kuma babu ƙunshin da ke tsayawa shi kaɗai. Kowane yana jingine da wasu, su ma suna jingine da wasu, har a kai ga wani babba da kusan kowa ke kansa, wanda zan kira ginshiƙi. Yanzu waya da kanta take jawo duk abin da take buƙata. A wancan zamanin kai ne za ka nemo mata, ɗaya bayan ɗaya.

Na sa sabon faifan na ce a ɗora wasan. Kwamfutar ta ce sai an kawo wasu ƙunshi uku. Na nemo su a faifan, su kuma suka ce ginshiƙin da ke ciki ya tsufa, sabo suke so. Na ce a sa sabon ginshiƙi, ta zubo mani ƙorafi cike da allo. Maimakon in tsaya in karanta, sai na tuna a gefen wani shafi na mujallar akwai wata kalma da in ka ƙara ta a ƙarshen umarni, kwamfuta za ta yi shiru ta yi abin da ka ce ko ba ta so. Na ƙara kalmar. Ta kuwa yi shiru. Na buga wasana har la'asar, ina jin kaina wani gwani.

Washegari na kunna, babu hoto babu launi. Baƙin allo ne kawai da wani ɗan farin layi yana ƙiftawa. Manhajar da abokina ke rubuta kundinsa ta ƙi buɗewa, firinta ta ƙi motsi. Abin da ya rage da rai shi ne wurin rubuta umarni, da ita manhajar da ke ɗora ƙunshi. Nan na shiga gyara irin na wanda ya ruɗe: in ɗauko wannan daga sabon faifai, in ɗauko wancan daga tsoho, duk inda ta yi gardama in danna mata kalmar nan. Kafin kwana biyu na cakuɗa tsoho da sabo yadda ni kaina ban san me na sa ba, me na cire ba.

Na je wajen wani mai gyara da ke kusa da kasuwa. Ya saurare ni, ya ce shi bai san wannan tsarin ba, amma maganin kowace kwamfuta ɗaya ne, a goge komai a sake ɗorawa. Na ce aikin da ke ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa. Ko da za a iya kwafo rubutun, babu wata na'ura a garin da na sani da za ta iya buɗe shi ta buga. Saura kwana takwas abokina ya dawo, kuma shekara biyun ransa na kwance a bayan wannan baƙin allon.

Matata ce ta gaji da ganina. Ta ajiye tuwo ta tsaya a kaina.

"Malam, mi as same ka? Kwana biyu ba ka cin abinci, ka tasa wanga abu gaba awa wanda anka aiko ma da rasuwa."

Na gaya mata gaskiya, har da wasan. Ta yi dariya sai da ta riƙe ƙofa. Sannan ta leƙa allon, ta ce:

"Ai ni ba yau nif fara ganin irin wanga ba. Baƙin allo da ɗan abu shina ƙibtawa. Shi Baba ka kallo wurin aiki tun muna ƙanana, in mun kai mai abinci."

Na ce, "Wane Baban?"

Ta ce, "Baba nawa gare ni?"

To a nan ne gizo ke saƙar. Mahaifinta yana Tsafe, kuma shekara uku da aurenmu ban taɓa yin magana da shi da ta wuce gaisuwa ba. Ku da kuka san al'adarmu kun san yadda ake. Tun daga nesa zan tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin zaure, idona a ƙasa, in gaishe shi. Ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, ya ce madalla, in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa taka gidanmu ba, don uba ba ya zarya gidan 'yarsa. Abin da na sani game da shi, dattijo ne mai shanun huɗa biyu da gona a hanyar Bilbis, wanda aka ce ya taɓa aiki a jami'a kafin ya yi ritaya. Ni a raina na riga na ba shi muƙamin mai kula da sito. Ashe shekara kusan ashirin ya yi a ɗakin manyan kwamfutoci, irin waɗanda ke cika ɗaki guda. Ban sani ba domin ban taɓa tambaya ba, kuma babu yadda za a yi in tambaya.

Na ce mata ba zan iya zuwa in zauna gaban Baba ina ba shi labarin wautata ba. Ta ce shi ma ba zai zo ba, amma takarda ba ta jin kunyar kowa. Washegari na raka ta tasha da wasiƙa, da ƙaton littafin nan, da mujallar. A wasiƙar na ce kwamfutar wani abokina ce ta lalace. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi wanda ya lalata ta ba.

Ta kwana biyu ta dawo, fuskarta wasai, don ita abin ganin gida ya zame mata. Ta ce tun da ta miƙa masa littafin bai je gona ba, yana ƙarƙashin darbejiya da tabarau yana karantawa. Ta ba ni amsarsa, rubutu ƙanana a tsaye kamar an buga da inji. Ya ce shi bai san wannan tsarin ba, bayan ya bar aiki aka haife shi, amma ya yi aiki da kakansa, kuma da alama halin gidan bai canza ba. Ya rubuto umarnin da zai sa kwamfutar ta lissafo duk ƙunshin da ke cikinta, da wanda zai sa kowane ƙunshi ya faɗi abin da yake buƙata. Ya ce a kwafo masa duka da hannu, kada a taƙaita, kuma kada a sake taɓa komai.

Yini guda cur na yi ina kwafa, shafi goma sha ɗaya na littafin rubutun ɗalibai. Da na zo kan sunan wasan tubalan, hannuna ya tsaya. Na ce a raina layi ɗaya cikin ɗaruruwa, wa zai lura? Na tsallake shi.

Wannan karon wani direban hanyar Tsafe na ba, wanda ya san gidan. Da yamma ya dawo mani da 'yar guntuwar takarda. Ga abin da ke ciki, don na haddace shi:

"An yi ƙoƙari da kwafi. Amma akwai layin da anka tsallake. Akwai ƙunshi ukku waɗanda baƙi na, kuma duk cikin jerin babu wanda ka neman su. Baƙi ukku ba su shigowa gida babu wanda yag gayyato su. A rubuto man sunanai. Sannan sabon ginshiƙin ga ba da son ranta yash shiga ba, tura shi anka yi. Ba laihi, kowa ya taɓa yi. Kada dai a ƙara."

Na zauna a bakin gado riƙe da takardar. Mutum yana Tsafe, bai taɓa ganin na'urar ba, bai taɓa taɓa irin tsarin ba, amma daga jerin sunaye ya gano abin da na ɓoye da kuma abin da na aikata. Kuma ku duba yadda ya rufa mani asiri, bai ce ni na yi ba, an yi kawai ya ce. Na rubuta sunan wasan a takarda, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, na ba direban da sassafe.

Ranar Laraba matata ta sake zuwa, ta dawo ranar Alhamis da hantsi, saura kwana ɗaya abokina ya iso. Takarda ɗaya ta kawo, mataki goma sha bakwai, kowane da lambarsa. A ƙarƙashin kowane mataki ya rubuta abin da kwamfutar za ta amsa. A sama kuma ya ja layi biyu: daga mataki na tara zuwa na goma sha biyu, in wuta ta ɗauke, ba mai iya tashinta sai Allah, don haka kada a fara da wutar gari. Damina ce, kuma a unguwarmu da hadari ya haɗo ake ɗauke wuta. Na je na roƙi telan da ke maƙwabtaka da mu ya ara mani janaretansa, muka ja waya ta kan katanga.

Matata ta ja kujera ta zauna da takardar, ta ce ita za ta riƙa karantowa, ni in riƙa bugawa. Muka fara. Na ɗaya, a cire wasan. Na biyu zuwa na huɗu, a sallami baƙin nan uku, kuma ya jera wanda zai fara fita da wanda zai bi. Duk matakin da na buga, sai kwamfutar ta amsa da abin da ya rubuta, kusan kalma da kalma. A na shida ya ce za ta zubo ƙorafi layi biyar, kada a tsorata, gaskiya take faɗi. Na ƙirga, biyar ne. Tun ina cewa ikon Allah a zuci har na koma faɗa a fili.

Na tara shi ne wurin da ya fi ƙarfina tun farko. Tsohon ginshiƙin da za a mayar yana da wani abokin tafiya. In ka ce a sa ginshiƙin, sai ya ce sai abokin ya riga shi. In ka ce a sa abokin, sai ya ce sai ginshiƙin ya riga shi. Kwana biyu na yi a baya ina kai gwauro ina kai mari a tsakaninsu. Baba ya rubuta cewa ba a raba su, a rubuta sunayensu biyu a layi ɗaya su shiga tare. Shi ke nan. Abin da ya hana ni barci, layi ɗaya ne a wurinsa.

Na buga, na danna. Sai ga wata amsa da babu ita a takardar: kwamfutar ta ce ba ta ga abin da nake nema ba. A daidai lokacin iska ta taso, hadari ya rufe gabas, janareta na ta ƙara a bayan katanga. Na ce shi ke nan, a nan ilimin Baba ya tsaya. Ban san sanda yatsuna suka fara rubuta kalmar nan ta tilas ba.

Matata ta buge mani hannu. "Baba ya ce kada a ƙara!"

"To mi zan yi? Abin da tac ce babu shi nan!"

Ta juya takardar. A bayanta, can ƙasa, akwai layi biyu da ba mu lura da su ba: "In a mataki na tara tac ce ba ta gani ba, to sabon faifai na ciki, an manta ba a canza ba. A sa tsohon."

Na danna maɓallin, faifan ya fito. Sabon ne. Na daɗe ina kallonsa a tafin hannuna. Wato ba halin na'urar kaɗai ya karanta ba, har da nawa. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba ya san inda zan yi tuntuɓe, ya riga ni zuwa wurin ya tsaya yana jirana.

Na sa tsohon faifan, su biyun suka shige tare lami lafiya. Sauran matakan suka bi. A na goma sha bakwai ya rubuta a kashe a kunna, a yi bismilla. Na kashe na kunna, allon ya yi ƙif-ƙif, launi ya dawo. Na buɗe kundin abokina, ga shi nan cif, da jadawalin gonakin Nahuce da komai. Na tura shafin farko, firinta ta ja takarda ta fara kuka. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa ina zaune hawaye na zuba, matata na yi mani dariya.

Abokina ya dawo ranar Juma'a, ya buga kundinsa, ya kai Zariya ranar Litinin. Sai da ya dawo na zaunar da shi na faɗa masa komai. Da farko ya yi kamar zai shaƙe ni, ya ce shekara biyunsa na sa a caca saboda tubala, kuma ban musa ba. Sai na miƙa masa takardar Baba. Ya karanta ta sau biyu, ya juya bayanta, ya ce, "Wanda yar rubuta wanga bai ga injin ba? Kai, tashi ka kai ni in ga mutumin ga."

Matata ce ta ce in za mu je mu tafi da kwamfutar. Ta ce ranar da za ta taho, Baba ya tambaye ta, yana kallon wani wuri, wai da gaske duk abin a kan tebur ɗaya yake zaune? Shekara kusan goma rabonsa da ya taɓa madannan kwamfuta.

Ranar Asabar muka ɗauki shatar mota muka kai ta Tsafe, muka ci sa'a akwai wuta. Na durƙusa a bakin zaure na gaishe shi yadda na saba. Ya amsa, ya tambayi ruwa a wajenmu, ya tambayi mutanen gida. Can ya ce, kamar da bango yake magana, "Ta tashi?"

Na ce, "Ta tashi, Baba. Allah shi saka da alheri."

Ya ce, "Madalla."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan lamarin ke nan. Abokina, da yake shi ba surukinsa ba ne, ya shige zauren ya haɗa wayoyi ya zauna kusa da shi a tabarma. Ni kuwa na fito na tsaya a gindin darbejiya, wajen da shanun ke ɗaure. Sai na ji an danna ɗaya, an danna biyu, a hankali, kamar mai gwada zurfin ruwa. Daga nan sai sauti ya ɓarke, yatsu goma a guje babu tsayawa, kamar saukar ruwa a kan kwano. Na ji abokina yana cewa, "Subhanallahi, Baba, dakata in gani!" Na kuma ji dariyar surukina, karo na farko a rayuwata.

Yau Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Takardar tana nan a cikin akwatina, ta yi laushi a wajen ninki. Na koyi abin da kowa zai ce na koya, cewa in abu ya ƙi, ka tsaya ka ji dalilinsa kafin ka tura shi, kuma har yanzu in na'ura ta yi mani gardama sai in ji kamar za a buge mani hannu. Amma abin da ya fi zama a raina daban ne. Shekara uku ina durƙusa wa mutumin nan ina ganin na ba shi girmansa, alhali ban san ko wane ne shi ba. Shi kuwa daga shafi goma sha ɗaya na rubutun hannuna ya san ni ciki da waje, ya kuma rufa mani asiri.

Ban yi da-na-sanin kunyar da ke tsakaninmu ba, ita ce ma ta sa ya gyara ni ba tare da ya kunyata ni ba. Sai dai wani lokaci ina cewa da na leƙa ta ƙofar zauren nan ko sau ɗaya. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa ganin yatsunsa a kan madannai ba. Ji kawai na yi, ina tsaye a waje babu takalmi.